TARBIYYAR GAƁOƁI: KOYA WA YARA TUSHEN MOTSA JIKI A MAKARANTUNMU NA FIRAMARE

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya

 



GABATARWA

Lokacin da kwamitin shirya taro ya aiko mana da takardar gayyata, aka ce mu zaɓi batun da muke so a kan ilimi, abokai sun zaci za mu yi magana ne a kan rufin ajujuwan da iska ta yaye, ko ƙarancin kujeru, ko sakamakon jarrabawa. Duk waɗannan an sha tattauna su a wannan zaure, kuma ƙungiya ta yi abin da Allah Ya hore mata. Mu kuwa sai muka zaɓi darasin da ake yi a wajen aji, wato darasin motsa jiki, wanda a makaranta muke kira fi'i. Mun san wani zai ce a ransa, lallai tsufa ya kama Malam, yaran da ba su gama iya haɗa baƙi ba, su ne za a ɓata lokaci a koya wa tsalle? Muna roƙon a yi mana haƙuri a saurare mu zuwa ƙarshe.

Abin da ya ja hankalinmu ga wannan batu a ƙofar gidanmu ya faru. A dogon hutun da ya wuce an kawo mana jikoki daga birni. Wata rana da la'asar yaran unguwa suka kafa langa, sai jikanmu mai shekara 10 ya ce shi ma zai shiga. Ya kama ƙafa ɗaya, bai yi tsalle uku ba ya faɗi. Ya tashi ya sake kamawa, ya sake faɗuwa, yara suka fashe da dariya. Daga ranar bai ƙara fita ba, ya koma ɗaki ya rungumi wayar mahaifiyarsa. Bayan kwana biyu muka jefa masa lemo daga ɗan nesa kaɗan, sai ya runtse ido ya kawar da fuska, lemon ya bugi ƙirjinsa ya faɗi ƙasa. Yaro ne lafiyayye, mai ƙoƙari a aji, ya kuma yi nisa a haddar Alƙur'ani. Abin da ya rasa kawai shi ne wanda zai koya masa yadda ake sarrafa gaɓoɓin da Allah Ya ba shi.

MENE NE TUSHEN MOTSA JIKI?

Duk wanda ya yi makarantar allo ya san ba a fara wa yaro da tilawa. Babbaƙu ake fara masa, sannan farfaru, sannan haɗi. Haka jiki yake da nasa babbaƙun, kuma masana sun kasa su gida uku.

Kashi na farko shi ne motsin da ke ɗauke mutum daga wuri zuwa wuri: tafiya, gudu, tsalle da ƙafa biyu, tsalle da ƙafa ɗaya, sukuwa, tafiya a kaikaice da kuma zilliya. Kashi na biyu shi ne riƙe jiki kada ya faɗi: tsayuwa a kan ƙafa ɗaya, tafiya a kan siririn layi, sunkuyawa, juyawa, birgima, da iya dira lafiya bayan an yi tsalle. Kashi na uku shi ne sarrafa wani abu da hannu ko ƙafa: jifa, cafewa, shurin ƙwallo, bugun abu da sanda, gara ƙwallo da tare ta.

Babu wasan da za ku ambata wanda ba daga waɗannan aka gina shi ba. Ƙwallon ƙafa gudu ne da zilliya da shuri. Kokawa riƙe jiki ce da sanin inda za a dasa ƙafa. Chioma Ajunwa, wadda ta ciyo wa Nijeriya lambar zinariya a dogon tsalle a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996 da tsallen mita 7.12, ta taɓa buga wa ƙasar nan ƙwallon ƙafa ta mata kafin nan. Wanda tushensa ya yi ƙarfi yakan iya sauya wasa kamar yadda mai karatu yake sauya littafi. Kuma ko an bar maganar wasa, da waɗannan gaɓoɓi ne yaro zai tsallake kwata, ya goce wa babur, ya hau keke, ya riƙe fartanya, ya kuma tsaya daidai a sahun sallah.

ABIN DA YAKE BUƘATAR KOYARWA

Kuskuren da yawancinmu iyaye muke yi shi ne zaton cewa waɗannan abubuwa suna zuwa da kansu, kamar fitowar haƙori. Gaskiya ne da rarrafe yaro kan tashi, kuma tafiya da gudu kowane lafiyayyen yaro zai yi su. Amma jifa mai kyau da cafewa da dira lafiya sai an nuna, an kuma maimaita.

Ku lura da ƙaramin yaro idan zai yi jifa. Da farko yakan tsaya ƙiƙam, hannu kaɗai ke motsi. Daga baya sai ya riƙa taka ƙafar da ke gefen hannun jifan. Sai ya ƙware ne yake juya gefensa, ya taka ɗaya ƙafar, ya haɗa ƙarfin ƙugu da kafaɗa. Haka cafewa: da farko tsoro, ya kawar da fuska, sannan ya rungume ƙwallon da ƙirji, a ƙarshe ya tarbe ta da yatsu. Yaron da bai sami mai nuna masa ba, ko bai sami damar maimaitawa ba, yana iya tsayawa a matakin farko har ya yi gemu. Mun sha ganin manya masu digiri waɗanda idan aka jefa musu mukullin mota sai ya faɗi ƙasa.

Lokacin da ya fi dacewa da wannan koyo shi ne daga shekara 3 zuwa wajen shekara 8, wato daga ajin share fage zuwa aji uku na firamare. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wani masani ɗan Amurka mai suna Vern Seefeldt ya bayyana a 1980 cewa akwai wani shinge da yaro yake cin karo da shi: idan bai ƙware a tushen motsi ba, shiga wasannin manya yakan yi masa wuya. Abin da muka gani a shekaru 35 na koyarwa ya yi daidai da haka. Yaron da bai iya ba, shi ake bari a ƙarshe idan ana raba 'yan wasa. Ya ji kunya ya daina fita. Da ya daina fita sai tazarar da ke tsakaninsa da tsararsa ta ƙaru. A haka zai girma yana ƙin duk wani abu mai sa gumi, har ranar da likita zai ce masa hawan jini ko ciwon suga ya kama shi, dole ya riƙa motsa jiki.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida a 2020 cewa yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar aƙalla minti 60 a kowace rana yana motsin da zai sa numfashinsa ya ƙaru. Wani binciken hukumar da aka buga a 2019, wanda ya shafi ƙasashe 146, ya nuna cewa fiye da kashi 80 cikin ɗari na ɗalibai masu shekara 11 zuwa 17 ba sa kaiwa wannan mizani, kuma 'yan mata ne suka fi komawa baya. Addininmu ma bai bar mu a duhu ba. Ya tabbata cewa Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallam, ya yi tsere da Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, kuma an ruwaito cewa Sayyidina Umar ya yi umarni a koya wa yara iyo da harbi da hawan doki.

MAKARANTU BIYU DA SUKA RAINE MU

Mu da muka tashi a ƙauyukan Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, makarantu biyu ne suka koya mana sarrafa jiki. Ta farko ita ce dandali. Da farin wata babu yaron da ke kwana da wuri. A langa muka koyi tsayuwa a kan ƙafa ɗaya, ana ture ka kana turewa, kana kuma kare ruwa har ya kai masha. A ɓuya muka koyi gudu da zilliya. A gare muka koyi daidaita ido da hannu. Dokin kara ya koya mana sukuwa tun ba mu san sunanta ba. 'Yan mata kuma suna da gaɗa da 'yar gala-gala da tsallen igiya da carafke, kuma duk malamin aji ɗaya zai shaida cewa yarinyar da ta iya carafke ba ta cika shan wahalar riƙe fensir ba. Yaran Riruwai duwatsu suka raine su, na bakin dajin Falgore kuwa hawan itatuwa. Babu wanda ya rubuta manhajar dandali, amma tana da tsari: manya su yi, ƙanana su kalla, su kwaikwaya, a gyara musu.

Makaranta ta biyu ita ce ta boko. Mun shiga kwalejin horon malamai a 1977, shekara ɗaya bayan ƙaddamar da shirin ilimin firamare na bai ɗaya na 1976, lokacin da ake neman malamai ido rufe. Duk da wannan gaggawa, babu ɗalibin da ke fita da takardar Giredi Biyu bai koyi yadda ake gudanar da darasin motsa jiki ba. Da asuba usur ke tashin mu, mu fita fili da farin gajeren wando. A darasin aikin hannu muke tufka igiya, mu ɗinka 'yan jakunkunan jifa, mu lanƙwasa gare. Idan aka tura mu koyarwar gwaji, mai dubawa yakan zo har fili ya tsaya da littafinsa, ya ga yadda ka jera yara, da inda ka tsaya, da ko rana tana dukan idonsu. Da muka fara aiki a 1982, fi'i yana cikin jadawali da sassafe, kuma hedimasta yakan duba shirin darasinsa kamar yadda yake duba na lissafi.

ABIN DA YA SAUYA

Yau duka makarantun biyu sun raunana. Dandali ya tashi a garuruwa da yawa. Gidan kallo da talabijin da waya sun ɗauke yara, a wasu wuraren kuma fargabar tsaro ta sa iyaye ba sa barin fitar dare. A birni abin ya fi tsanani. Ɗanku yakan fita daga gida mai katanga ya shiga mota ko Adaidaita Sahu, ya sauka a makarantar kuɗi wadda asalinta gidan haya ce, tsakar gidanta ba ta fi shimfiɗar tabarma goma ba. Daga nan sai darasin yamma, sai Islamiyya, sai aikin gida, sai kallo. Ku lissafa da kanku minti nawa yake gudu a rana.

Wani zai ce ai yaron ƙauye ba shi da wannan matsala, tunda yana noma, yana kiwo, yana ɗebo ruwa. Lallai yana da ƙarfi da juriya, amma ƙarfi daban, ƙwarewa daban. Yarinyar da ke ɗaukar farantin talla daga safe zuwa azahar ta yi tafiya mai nisa, amma ba ta yi jifa ko sau ɗaya ba. Ɗaukar kaya mai nauyi a kan ƙashin da bai ƙosa ba ma yana iya cutarwa.

A makaranta kuwa abubuwa uku ne suka taru. Na ɗaya, an rufe babin Giredi Biyu, takardar NCE ta zama mafi ƙarancin shaidar koyarwa. An sami ƙarin ilimi, amma malamin da ya karanta Hausa ko Larabci ko lissafi yana iya zuwa aji bai taɓa riƙe usur ba. Na biyu, a gyaran manhajar da aka fara aiki da shi a 2014, an cusa darasin motsa jiki a ƙarƙashin darasin kimiyya da fasaha, sai ya koma abin da ake rubutawa a allo: yara su kwafi ma'anar gudu a littafi, su ci jarrabawa a kai, alhali suna zaune. A sabuwar manhajar da Gwamnatin Tarayya ta bayyana a 2025 an sake ware shi ya tsaya da ƙafarsa, kuma wannan dama ce da bai kamata ta wuce mu ba. Na uku, kuma mafi ciwo, shi ne filaye. Mun taɓa riƙe wata makaranta da ke da fili wanda ake zagaye mita 400 a cikinsa. Da muka koma ziyara bayan shekaru, an yanki gefe ɗaya an yi shaguna, ɗaya gefen maƙwabta sun shigo da gini, tsakiya kuma hanyar babura ta raba shi biyu. Aji idan ya rushe ana iya sake gina shi baɗi. Fili idan ya tafi, ya tafi ke nan.

Kada mu ɗora laifin duka a kan wasu. Mu hedimastoci mun sha mayar da lokacin fi'i ya zama lokacin shara ko cire ciyawa, ko mu ba malamin lissafi idan jarrabawa ta matso. Mun yi haka da kyakkyawar niyya, amma kuskure ne, kuma muna neman gafarar yaran da muka tauye.

YADDA MALAMI ZAI GUDANAR DA DARASIN

Tunda akwai malamai a wannan zaure, bari mu faɗi yadda ake yi a aikace. Darasin minti 30 zuwa 35 ya isa, sau biyu ko uku a mako, da safe kafin rana ta yi zafi. A fara da minti 5 na ɗumama jiki: sassarfa, miƙa, juya kafaɗu. Sai minti 10 na koyar da motsi guda ɗaya tak. Malami ya nuna da jikinsa, ya yi magana kaɗan. Idan jifa ne, kalma uku sun isa: juya, taka, jefa. Idan cafewa ce, a fara da babbar ƙwallo mai laushi daga tazarar taku biyu, a ce wa yaro ya kafa mata ido ya buɗe yatsu, sannan a riƙa ƙara tazara ana rage girman ƙwallon. Idan tsalle ne, a fara koya masa dira kafin tashi: ƙafa biyu tare, gwiwa a lanƙwashe. Sai minti 10 na aiki rukuni-rukuni, sai ɗan wasa da zai sa a yi amfani da abin da aka koya, a rufe da numfashi da wanke hannu kafin a koma aji.

Mun san ajin yara 80 ko 100 ba baƙon abu ba ne a yankinmu. Kada malami ya jera su a layi ɗaya a bayan ƙwallo ɗaya, domin kowane yaro zai taɓa ta sau ɗaya ne kafin a kaɗa ƙararrawa. Ya kasa su kusurwa huɗu, kowace da shugabanta: nan ana jifa, can ana tsallen igiya, can ana tafiya a kan layi, can ana tsallake kara. Ya busa usur su sauya wuri. Ma'aunin darasi mai kyau shi ne sau nawa kowane yaro ya maimaita motsin.

Kayan aiki kuma ba sai an je kantin birni ba. Tela zai ɗinka jakunkunan jifa da ragowar yadi a cika su da 'ya'yan tsamiya ko tsabar masara. Ƙwallon tsumma ba ta fashewa. Igiyar rama tana nan a kasuwanninmu. Toka ta isa a ja layi. Karan dawa a kan gwangwani biyu ya zama shinge, kuma ko yaro ya yi tuntuɓe da shi ba zai ji ciwo ba. Tobi Amusan, wadda ta kafa tarihin duniya a tseren shinge na mita 100 da daƙiƙa 12.12 a Amurka a 2022, abin da take yi shi ne gudu da tsallake shinge, kuma farkon wannan ana iya koyon sa da karan dawa a Kofa ko Yako ko Burumburum. Uwa uba, a dawo da wasanninmu na gargajiya cikin darasi. Langa da kokawa da dambe sun daɗe da shiga Bikin Wasanni na Ƙasa, wanda aka fara a Legas a 1973, don haka babu dalilin da zai sa malami ya ji kunyar koyar da langa.

Akwai abubuwa biyu da muke roƙon malamai su guje wa. Na farko, kada a mayar da motsa jiki horo. Yaron da aka saba sa shi tsallen kwaɗo ko zagaye fili saboda ya makara, zai tashi yana ɗaukar gudu a matsayin azaba. Na biyu, a rage wasannin da ake fitar da wanda ya faɗi, domin mai rauni ne ke fara fita, alhali shi ya fi kowa buƙatar maimaici. Sannan a kula da lafiya: a tsince ƙaya da fasassun kwalabe kafin a fara, a tanadi ruwan sha, a san yaran da ke da sikila ko asma a sassauta musu, a kuma lura da wanda ya zo makaranta bai karya kumallo ba.

'YA'YA MATA, MASU LALURA DA MAGANAR RUWA

Sau da yawa idan an fita fili, maza ke buga ƙwallo, mata suna zaune a gindin darbejiya suna jira a tashi. Wannan ba adalci ba ne. Yarinyar nan ita ce za ta ɗauki ciki ta haihu, ta yi raino, kuma ƙarfin jikinta a lokacin yana da nasaba da yadda aka gina shi tun tana ƙarama. Babu abin da ya hana a ware musu gefensu, da malama mace, da suturar da ta dace da addininmu da al'adarmu. Idan iyaye suka ga an kiyaye wannan, ba za su hana ba.

Haka yaran da ke da lalura a gaɓoɓinsu. An tabbatar da kawar da cutar shan inna ta asali daga Nijeriya a 2020, amma waɗanda ta riga ta taɓa suna tare da mu. A ba su abin da za su iya: jifa, cafewa, riƙe maki. Wasan ƙwallon da masu lalurar ƙafa ke bugawa da hannu, wanda ya bazu zuwa wasu ƙasashen Afirka, ɗan Kano ne, Misbahu Lawan Didi, ya assasa shi a 1988.

Sai maganar iyo. Muna firamare aka gina madatsar ruwa ta Tiga, tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ga kuma tafkin Bagauda da magudanan noman rani da suka ratsa gonakinmu. Allah Ya kewaye mu da ruwa, amma yaranmu da yawa ba su iya iyo ba. Ba mu manta da hatsarin kwalekwalen da ya auku a madatsar Watari ta Bagwai a ƙarshen Nuwamban 2021 ba, inda aka rasa rayuka sama da 20, mafi yawansu ɗaliban Islamiyya. Allah Ya jiƙan su. Ba muna cewa a tura yara magudana su koya da kansu ba, domin can akwai halaka, akwai kuma tsargiya. Muna cewa a zauna da masunta da ma'aikatan lafiya a nemi hanyar da za a koya wa yaran bakin ruwa yadda ake tsira, a wuri amintacce, ƙarƙashin idon manya.

SHAWARWARI GA ƘUNGIYA

Kowace shekara ana kashe kuɗi masu yawa a gasar cin kofin ƙwallon ƙafa ta matasa, a sayi riguna, a gayyaci manyan baƙi. Abu ne mai kyau, yana haɗa zumunci, kuma kowa yana fatan ganin ɗan yankinmu sanye da rigar Kano Pillars. Sai dai mutum 22 ne ke cikin fili, dubbai suna kallo. Muna gini ne daga rufi. Saboda haka muke gabatar da waɗannan shawarwari:

1. A kafa kwamiti da zai zagaya makarantun firamare na ƙananan hukumomin nan huɗu tare da hakimai da hukumomin ilimi, a auna filin kowace makaranta, a rubuta, a kafa duwatsun iyaka, a dasa itatuwa a kewaye. Lauyoyi da masu awon ƙasa da ke cikinmu su ba da gudummawar sana'arsu.

2. A ware kashi ɗaya cikin uku na kuɗin gasar kofi don ajujuwa ɗaya zuwa uku. A fara da makarantu biyu a kowace ƙaramar hukuma, takwas ke nan, don a ga abin da zai yiwu.

3. A shirya bitar kwana uku a dogon hutu ga malaman waɗannan ajujuwa, maza da mata. Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya duk suna da masana wannan fanni, ga kuma tsofaffin malamai irinmu da ke zaune a gida, a shirye muke ba tare da ko sisi ba.

4. A yi ɗan gwaji mai sauƙi a farkon shekara da ƙarshenta: daƙiƙa nawa yaro zai tsaya a kan ƙafa ɗaya, sau nawa zai cafe cikin jifa goma, ina tsallensa zai kai daga tsaye. A buga sakamakon a wannan mujalla baɗi, domin masu ba da kuɗi su ga inda kuɗinsu ya tafi.

5. Ku iyaye mazauna birni, idan za ku sa yaro a makaranta, bayan kun tambayi kuɗin zango ku ce a nuna muku inda yara ke wasa. Ku rage musu zaman waya. Uba ya ɗauki minti 15 bayan la'asar ya yi jifa da cafewa da 'ya'yansa, maza da mata. Idan an yi hutu ku turo su gida su san danginsu, su taka ƙasa.

KAMMALAWA

Jama'a, bari mu ƙarasa muku labarin jikan nan namu. Bayan mun gane inda matsalar take, sai muka riƙa fita da shi bayan gida da sassafe, inda babu mai yi masa dariya. Muka fara da tsayuwa a kan ƙafa ɗaya yana dafe da bango, sannan ya saki bangon, sannan tsalle ɗaya, sannan biyar. Muka ɗinka masa jakar jifa da 'ya'yan tsamiya. Kafin hutun ya ƙare, cikin mako biyar, ya koma ƙofar gida ya shiga langa. Bai zama gwani ba, an kayar da shi ya kuma kayar da wani, ya shigo gida da ƙura har gira yana ba kakarsa labari. Minti 20 a rana da tsohon malami ɗaya ne suka yi wannan aiki. Akwai dubban irinsa a gidajenku na birni da ajujuwanmu na ƙauye, kuma ba kowane ne ke da kaka malami ba. Wannan shi ya sa muka kawo kukanmu gaban ƙungiya, muna fata kafin a tashi daga wannan taro za a ambaci sunayen waɗanda za su fara zagayen auna filaye.

Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa namu ne, a yafe mana. Allah Ya raya mana zuriya, Ya ba su lafiya da ilimi mai amfani, Ya jiƙan malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, Ya mai da kowa gidansa lafiya.